Darasi na Bakwai: Rijiya da Guga, Juriyar Ma'aikaci da Amfanin Aikinsa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake shan ruwan rijiya ya san halinta da bazara. Da asuba a zura guga ya fito taf, ruwa garau. Kafin hantsi, an yi wanki, an shayar da dabbobi, maƙwabta sun ɗiba, sai gugan ya fara fitowa rabi-rabi. Can ruwan ya gurɓace, daga ƙarshe sai laka. Mai hankali a nan yake rataye guga, don ya san in aka bar ta ta kwana idonta zai tsattso, gobe a sake samu. Marar haƙuri kuwa sai ya yi ta kankarar ƙasa har igiya ta tsinke.

Ku riƙe wannan rijiya a ranku har ƙarshen darasin nan, domin da ita za mu riƙa auna ma'aikaci: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, akawu, tela, direba, yaron shago. Kullum safiya kowannensu yana fitowa da wani ƙarfi na jiki da na zuciya, aiki kuma yana ɗiba. Kalmomi uku za mu yi ta maimaitawa. Juriya ita ce saurin tsattsowar wannan ƙarfi bayan an kwashe shi, wato mutum ya sha wuya yau, ya komo daidai gobe ko jibi. Duƙufa ita ce shiga aiki da jiki da hankali da zuciya gaba ɗaya, kishiyar aikin ganin ido. Amfanin aiki kuwa kamar amfanin gona ne: abin da aka samu a ƙarshe, yawansa da kyansa.

Haƙuri iri biyu ne

Mu Hausawa muna da magani guda da muke ba kowane ciwon wurin aiki. Albashi ya makara, haƙuri. Oga ya ci mutuncinka a gaban yaranka, haƙuri. An tsallake ka wajen ƙarin girma, an ba wanda ka koya wa aiki, haƙuri. Ba na raina haƙuri, shi ke riƙe da gidaje da ma'aikatu da yawa. Sai dai mu bambance. Akwai haƙurin wanda ya gane abin da ya same shi, ya faɗa wa wanda ya dace, ya yi iyakar abin da zai iya, ya bar wa Allah sauran, ya kwanta ya yi barcinsa. Akwai kuma na wanda ya haɗiye kawai, yana tafasa a ciki kamar tukunyar da aka danne murfinta da dutse. Na farkon shi muke kira juriya. Na biyun kuwa, jiki magayi: barci ya ƙaurace, kai ya yi ta sarawa, a shigo gida ana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mutane da yawa sun ɗauka juriya halitta ce, wani an haife shi da ita, wani babu. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Amma wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a shekarar 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka kai shekara 40. Daga cikin waɗanda suka taso cikin talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa, masu riƙe aiki da iyali. Abin da ya fi yawa a tarihinsu shi ne kowanne ya samu wani babba, ko da mutum ɗaya ne, da ya tsaya masa: kaka, gwaggo, malami, maƙwabci. Ashe idon rijiyar ba a cikin mutum kaɗai yake ba, yana ratsowa daga ƙasar da ke kewaye da shi. A wurin aiki, wannan ƙasa ita ce oga, abokan aiki, albashi, da tsarin lokaci.

Me ya fi kwashe ruwan?

Mukan ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara kansa yake zubawa. Saboda haka sai mu zaci shugaban ma'aikata ya fi kowa shan wahalar zuciya. Wani dogon bincike da aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnatin Ingila maza kusan 18,000, wanda ake kira binciken Whitehall, ya nuna akasin haka. Waɗanda ke matakin ƙasa, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, sun ninka manyan jami'ai kusan sau uku wajen yawan mutuwa a tsawon shekarun da aka bi su. Shan taba da sauran halaye sun bayyana wani ɓangare kawai na wannan tazara. A 1985 Farfesa Michael Marmot ya jagoranci zagaye na biyu da ma'aikata fiye da 10,000, maza da mata, aka ga cewa rashin ta cewa a kan aikin mutum yana tafiya tare da ciwon zuciya. Ku lura, waɗannan duk masu albashi ne, kuma a ƙasar da asibiti kyauta ne.

Tun a 1979 wani masani, Robert Karasek, ya yi bayanin abin: aiki mai yawa shi kaɗai ba ya karya mutum kamar aiki mai yawa da aka haɗa da ɗaure hannu. Ku dubi tela mai shagon kansa a goman ƙarshe na azumi. Ba ya barcin kirki, ɗinki ya taru har rufi, masu kaya suna zarya. Amma shi ke zaɓar wanda zai fara, shi ke cewa "Hajiya, a yi haƙuri, na rufe karɓa," shi ke miƙewa ya sha iska in idonsa ya yi yaji. Ranar salla ya kwanta kamar gawa, bayan kwana uku ya warware. Sa'an nan ku dubi yarinyar da ke zaune a kan na'urar cire kuɗi ta wani, daga safe har dare, ba ta da ikon zagayawa bayi sai ta nemi izini, in lissafi ya gaza daga albashinta za a cire, in ya yi daidai ba wanda zai ce sannu. Aikinta bai kai na telan nauyi ba, amma ita ce rijiyarta za ta riga ƙafewa.

Sai tsawon lokaci. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, masana'antun harsasai na Ingila sun riƙa sa ma'aikata, akasarinsu mata, aiki ba dare ba rana, aka kuma rubuta abin da suke ƙerawa. Bayan kusan shekara ɗari, John Pencavel na Jami'ar Stanford ya koma kan waɗannan alƙaluma. Ya tarar amfanin aiki yana ƙaruwa daidai da sa'o'i har zuwa wajen sa'a 49 a mako, daga nan ƙarin ya fara ja da baya. Wanda ya yi sa'a 70 bai fi wanda ya yi 56 da wani abin kirki ba. Sa'a 14 ke nan ana jan laka. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa aikin sa'a 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Inda juriya ta haɗu da duƙufa

A 1990 William Kahn ya wallafa abin da ya gani bayan ya zauna cikin masu kula da yara a wani sansanin hutu, da kuma ma'aikatan wani kamfanin zanen gine-gine. Ya lura mutum guda yakan shiga aiki da dukan zuciyarsa yau, gobe ya janye ya bar gangar jiki kawai. Kafin ya shiga, kamar yana yi wa kansa tambayoyi uku ne a ɓoye. Aikin nan yana da ma'ana a wurina? In na saki jiki, na faɗi ra'ayina, ba zan sha kunya ko horo ba? Ina ma da sauran ƙarfin da zan bayar?

Tambaya ta uku ita ce mahaɗar darasinmu. Malamin da ya kwana yana lissafin kuɗin haya, ya biyo ƙafa daga nesa saboda kuɗin mota ya gagara, ya tarar da yara fiye da ɗari a aji, yana iya ƙaunar koyarwa har cikin ransa. Amma ƙauna ba ta cika guga. Zai rubuta a allo, ya ce a kwafa, ya zauna. Mai duba makarantu ya zo ya rubuta "malalaci." Kamfanin Gallup, wanda ke tambayar ma'aikata a ƙasashe da dama kowace shekara, ya ce kashi 23 cikin ɗari ne suka duƙufa ga aikinsu a 2023, a 2024 suka koma 21. Ni dai ban yarda cewa kusan mutum takwas cikin goma na ma'aikatan duniya ragwaye ba ne.

Tambaya ta biyu ma tana da labari mai daɗi. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta shiga asibitoci a shekarun 1990 tana zaton rukunin ma'aikatan da suka fi jituwa da shugabanci nagari za su fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani. Da alƙaluma suka fito, sai ga su sun fi kowa yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi aka gane ba wai sun fi yi ba ne, sun fi faɗa ne. A ɗakin da babbar nas take da zafi, wanda ya yi kuskure shiru yake yi ya yi ta addu'a kada a gano. Ɓoye kuskure kuwa aiki ne mai cin rai: mutum yana aikin hannu, yana kuma aikin gadin bakinsa.

To, duƙufar tana ƙara amfani kuwa, ko daɗin baki ne? Masu bincike daga Jami'ar Oxford sun bi ma'aikatan kamfanin sadarwa na BT masu ciniki ta waya har wata shida, kowane mako ana tambayarsu yadda suke ji a ransu. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna a makon da ma'aikaci yake cikin walwala, cinikinsa yakan ƙaru da kusan kashi 13 cikin ɗari, ba tare da ya ƙara ko sa'a ɗaya ba. Kakanninmu ba su jira Oxford ba. Mai gayya ya san dalilin da ya sa yake kiran makaɗan noma, ya dama fura mai yawa, a riƙa yi wa samari kirari a bakin kunya. Gonar da za ta ci mako sai a tashe ta kafin la'asar.

In rijiya ta ƙafe

A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya rubuta abin da ya ga yana samun 'yan sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York, har da shi kansa. Sukan zo da zafinsu, bayan kamar shekara guda sai su lafe. Abin lura, waɗanda suka fi himma su suka fi faɗawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hali a kundinta, ta ce ba cuta ba ce, matsala ce da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance ba. Mu kira shi ƙafewa. Alamunsa uku: gajiyar da barci ba ya warewa, sanyin zuciya ga aikin da mutanen da ake yi wa shi, har nas ta riƙa cewa "mai gado na shida" maimakon sunan marar lafiya, sai jin cewa duk abin da ka yi banza ne.

Ƙafewa daban, ciwon damuwa daban, ko da yake ɗaya yakan kai ga ɗaya. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, a ofis ko a gida, abinci ya fita ransa, ko ya fara tunanin gara mutuwa, wannan ya wuce maganar hutu, likita zai gani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, sunan ma kaɗai ya isa ya nuna yadda tunani ya sauya. A faɗin duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 a shekara, asarar kusan dala tiriliyan ɗaya.

Akwai wata juriyar jabu da ya wajaba mu ambata, don tana cikin unguwanninmu. Ɗan dako, ɗan acaɓa, mai haƙar ma'adinai ko direban dogon zango ya haɗiyi tiramadol don ya yi aikin mutum biyu. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma bayan wiwi, irin su tiramadol da kodin ne a gaba. Ƙwaya ba ta ƙara ruwa a rijiya. Tana kashe kunnen da zai ji gugan yana bugun ƙasa ne kawai, bashi ne da jiki zai biya da riba mai tsanani.

Nauyin wa ne?

Yanzu abin yayi ne ma'aikata ta tara ma'aikatanta a otal, a kawo mai lacca ya koya musu numfashi da kyakkyawan zato, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, Litinin a koma wa aikin mutum uku da albashin rabin mutum. A 2024 William Fleming na Oxford ya duba bayanan ma'aikata fiye da 46,000 a Birtaniya, ya tarar waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye na gyaran mutum shi kaɗai ba su fi waɗanda ba su shiga ba samun sauƙi. Ba a gyara rijiya da yi wa guga wa'azi.

Faransa ta ga iyakar abin. Kamfanin France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, ya ƙudurci rage ma'aikata 22,000, kuma da yake yawancinsu ba a iya korarsu a doka, sai aka bi hanyar ƙuntata musu da sauyin wuri da na aiki har su gaji su tafi. A 2008 da 2009, ma'aikata 35 suka kashe kansu. A Disambar 2019 wata kotu a Paris ta sami kamfanin da tsohon shugabansa Didier Lombard da laifin gallaza wa ma'aikata. Ba wanda zai ce waɗannan mutane juriya suka rasa.

Saboda haka in kai ne oga, ko da yara biyu gare ka a shago, kaso mafi girma a wuyanka yake. Biya a kan lokaci. Bar wa yaro wani abu da shi zai yanke. In ya kawo maka kuskurensa da kansa, fara da gyaran kuskuren kafin faɗa, in ba haka ba na gaba ba za ka ji shi ba sai ya ruɓe. Yaba kyauta tukuici, kuma "sannu da ƙoƙari" ba ta rage jari. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta tanadi wasu abubuwa ga leburori da ƙananan ma'aikata: hutun da bai gaza sa'a ɗaya ba ga mai aikin sa'a shida ko fiye a yini, yini guda cikakke a kowane mako, da aƙalla kwana shida na hutu da albashi bayan shekara guda ana aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa ta ambaci matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo a cikin abubuwan da ake iya neman diyya a kansu.

Ma'aikaci fa, ya naɗe hannu? A'a. Na san tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 lissafi ya rikice, kuma naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba ta kai wata. Da yawa cikinku daga ofis sai tuƙin adaidaita sahu, mata kuma daga aiki sai murhu da wankan yara, ga ajin yamma a kai. Ba zan ce muku ku huta kamar hutu a kasuwa ake sayensa ba. Amma akwai ƙananan ƙofofi. Barci shi ne babban idon rijiya, baligi yana buƙatar wajen sa'a bakwai, kuma sau da yawa waya ce ke cinye biyu daga ciki. Tashi sallar azahar hutu ne na gaske in an bar wayar a aljihu, aka yi alwala a natse. Adashi ko ƙungiyar gama kai ta wurin aiki tana rage fargabar ranar da yaro zai kwanta ciwo. Aboki ɗaya da za ka faɗa wa gaskiyar halinka ya fi majalisa guda da ba a komai sai zagin gwamnati, a tashi kowa ransa ya ƙara ɓaci. Maigida kuma da zai ɗauke wa matarsa mai aiki ko da kai yara makaranta ne, ya ƙara mata ruwa a rijiya fiye da yadda yake zato.

Sai koyon magana da na gaba, wanda shi ya fi wuya a al'adarmu. Tsakanin shiru da rashin kunya akwai hanya. Akawun da aka jibga wa aiki zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, ayyuka uku ne a hannuna, duka kuma na gobe ne. Biyu zan iya gamawa yadda ba za ka ji kunya ba. Wanne kake ganin zai jira jibi?" Bai ƙi aiki ba, bai ɗaga murya ba, ya bar wa oga girmansa na yanke hukunci, ya kuma karɓo wa kansa ɗan abin nan da masinjojin Whitehall suka rasa.

Aikin aji da na gida

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama oga, ɗaya ya zama ma'aikacin da aka ce ya zo aiki ranar hutunsa karo na uku a jere, alhali an sa ranar sunan ɗan ƙanensa. Ku gwada maganar sau biyu, sa'an nan ku yi musanya. Sauran 'yan aji su faɗi inda aka yi shiru da yawa da inda aka zarce.

A gida kuma, kowa ya raba shafin littafinsa gida biyu. Har kwana bakwai, kowane dare kafin kwanciya, rubuta a dama abu ɗaya da ya kwashe maka ƙarfi a ranar, a hagu abu ɗaya da ya mayar maka, tare da sa'ar da ka kwanta da wadda ka tashi. Wanda rubutu bai gama zama a hannunsa ba ya yi alama, ko ya sa ɗansa ya rubuta masa. Ranar darasi na gaba a zo da littafin, a ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya fito sau uku ko fiye, a rubuta a gefensa wanda ke da ikon sauya shi: kai, ko oga, ko ku duka biyu.